Tarihin Kalmar "Credibility" da Takwarorinta a Harshen Hausa

Kalmar Ingilishi "credibility" ta samo asali ne daga kalmar Latin "credere", wadda ke nufin gaskatawa. Turawa kan yi amfani da ita wajen bayyana cancantar mutum, ko labari, ko hukuma, ta a yarda da su. Ta ƙara bazuwa a shekarun 1960, lokacin yaƙin Biyetnam, sa'ad da Amurkawa suka soma shakkar bayanan gwamnatin Shugaba Lyndon Johnson.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan ma'ana, sai dai bai ɗora ta bisa kalma guda ba. A birnin Bauchi, wanda Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19, karatun zaure a unguwanni irin su Ƙofar Dumi ya gāji ma'aunin malaman Hadisi. A wurinsu, ruwaya ba ta zama sahihiya sai isnadinta ya sadu, kuma masu ruwayar adalai ne masu kiyayewa. Daga nan ne "sahihanci" ya zauna a Hausa, a matsayin siffar labari. Shi kuwa mutum, da "gaskiya" da "amana" ake auna shi, shi ya sa ake cewa wane maganarsa abin kamawa ce.

Zuwan boko ya faɗaɗa fagen. Jaridar da aka kafa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya zama editanta, an raɗa mata suna Gaskiya Ta Fi Kwabo, domin neman yardar mai karatu. Bayan zaɓen 2007, wanda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amince yana da naƙasu, har ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais, sai "sahihin zaɓe" ya ƙara kama bakin 'yan jarida.

Matsalar ita ce, wasu masu fassara kan sanya "inganci" a ko'ina, alhali kuwa inganci ya shafi nagartar abu ne, ba lallai yarda da shi ba. Mai shaida a kotu amintacce ne, ba ingantacce ba. Saboda haka, ya kyautu manhajar fassara ta koya wa ɗalibi ya fara tantance abin da ake siffantawa: in labari ne, sahihanci, in mutum ne, gaskiya da amana, in hukuma ce, amincewar jama'a.