Gara da Kayan Ɗaki: Tarihin Aikin Hannun Mata a Auren Hausawa

A ƙasar Hausa, idan yarinya ta tare a gidan miji, akwai kaya iri biyu da suke bin ta daga gidan iyayenta. Na farko shi ne kayan ɗaki, wato abin da za a jera mata a ɗakinta. Na biyu kuwa gara, wato kayan abinci da ake kai wa gidan ango bayan tarewa, a wasu wurare kuma a sake kaiwa idan ta koma daga wankan haihuwar fari. Uba yakan sa hannu, amma ainihin nauyin yana kan uwa. A da, mafi yawan waɗannan kaya da hannu ake yin su a cikin gida, kuma tarihinsu yana nuna yadda ciniki da siyasa suka riƙa shiga har cikin madafar matan aure.

Ɗalibin harshe zai fara gane wannan tarihi daga sunayen kayan kansu. Kalmar alkama daga Larabci take, haka alkaki da alkubus da gurasa da sukari. Har tanderu, wato tukunyar ƙasa da ake gasa gurasa a jikinta, sunansa ya samo asali ne daga kalmar Larabci ta murhun gashi. Wannan "al-" da ke farkon wasu daga cikinsu harafin tabbatarwa ne na Larabci, wanda Bahaushe ya haɗiye tare da kalmar, ya mai da su abu guda. Hanyar da suka biyo sananniya ce. Ayarin raƙuma yakan taso daga Tarabulus, ya bi ta Gadamas da Gat da ƙasar Abzin, ya sauka Damagaram, sannan ya iso Kano. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da fatake Larabawa zaune a birnin suna kasuwanci. A gidajen irin waɗannan baƙi da na attajiran da ke hulɗa da su ne girkin alkama ya yi ƙarfi. Dubulan ma yana da ɗan'uwa a Libiya da Tunisiya, wanda ake murza ƙullunsa siriri, a naɗe, a soya, a tsoma a ruwan zaƙi, kuma sunayen biyu sun yi kama ƙwarai.

Alkama ba abincin kowa ba ce a wancan zamani. Noman rani ake yi mata a fadama da sanyin hunturu, ana ban ruwa da jigo, don haka kaɗan ake samu. Abincin yau da kullum gero ne da dawa. Wannan ne ya sa alkaki ya zama abin alfahari a gara: wadda ta kai shi da yawa ta nuna gidansu da ƙarfi.

Aikin kansa ba na mutum ɗaya ba ne. Ana ɓarza alkama, a kwaɓa da ɗan tsami, a rufe ta kwana. Washegari a murza, a sa ɗan ruwan kanwa don ya kashe tsamin, a naɗa kowane ɗaya da hannu, a soya, sannan a tsoma a zuma. Nakiya ta fi wahala. Sai an jiƙa shinkafa an daka ta zama gari, an soya garin, an haɗa da zuma da citta da kanumfari da barkono da man shanu, sannan a kirɓa a turmi har ta haɗe. Idan ta samu hannun gwana takan yi watanni ba ta lalace ba, kuma wannan shi ne amfaninta a lokacin da babu firiji. Saboda yawan aikin, uwar amarya takan tara ƙawayenta da maƙwabta da 'yan'uwa su yi kwanaki suna daka da suya. A kowace unguwa kuma akan sami tsohuwa ɗaya ko biyu da aka sani da iya alkaki, a ɗauko ta musamman, a sallame ta da kuɗi ko da wani kaso na abin da aka soya.

Ba kyauta ce ta banza ba. Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga littafin a 1954, kuma a ciki ana ganin yadda mata suke riƙe zumunci ta hanyar biki. Idan mace ta kawo wa abokiyar bikinta gudummawa, ran da nata ya zo sai a mayar mata da abin da ya fi, sau da yawa ninki. Wato kowace ƙwaryar nakiya da ta fita daga gida bashi ce da za ta dawo wata rana. Dangin ango su ma ba su cinye gara su kaɗai. Rabawa suke yi gida gida, kowa ya ga abin da aka kawo, kowa kuma ya yi magana a kai. A nan ne darajar amarya take rataye. Yarinyar da aka kai da gara mai kauri tana shiga cikin kishiyoyi da dangin miji da ƙwarin gwiwa, wadda aka kai da kaɗan kuwa tana iya shan gori shekara da shekaru a kan abin da ba ita ta yi ba.

Kayan ɗaki sun fi saurin canzawa. A ƙarni na 19 jeren amarya ƙore ne da aka yi wa zane, da akusa, da faya-fayan da mata suke saƙawa da kaba mai rini, da tabarmi, da zanen saƙi wanda wataƙila uwar ce ta kaɗa zarensa. Masu hali su ƙara da tasoshin tagulla. Lefe ma, wanda yake fitowa daga wajen ango, asalinsa kwando ne na kaba; sunan ya zauna, amma abin da ake nufi da shi ya koma akwatuna. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turai suka riƙa shigowa ta teku, fataucin Sahara ya durƙushe. Kwanonin langa masu fenti suka fara korar ƙwarya daga bango. Daga shekarun 1960, da 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antun irin waɗannan kwanoni a Nijeriya, sai suka wadata har ƙauye, aka riƙa jera su tun daga ƙasa har rufi. Yawancinsu ba a cin abinci a ciki. Ajiya ce: idan ta ɓaci, mace ta cire saiti ɗaya ta sayar. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna cewa irin waɗannan kaya dukiya ce ta mace ita kanta, kuma shaida ce ta yawan mutanen da suke bayanta. Uwaye da yawa da kuɗin tallar 'yarsu suke tara su, wanda kuma ya hana 'yan mata da dama zama a makaranta.

A ɓangaren suya, fulawar kamfani ce ta kawo babban sauyi. An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, injinsa na Apapa ya fara niƙa alkamar waje a 1962. Da arzikin man fetur a Nijeriya da na yuraniyom a Nijar a shekarun 1970, fulawa da sukari suka shiga gidan talaka. Sukari ya maye gurbin zuma a mafi yawan alkaki. Cincin ya hauro daga kudu ya sami wuri a gara, kek ya biyo baya. Matan da ba su da murhun zamani suka samo dabara: a zuba yashi a gindin tukunya, a jera gwangwanayen madara cike da kwaɓi, a rufe, a ɗora garwashi a kan murfi. Sauƙin bai ɗore ba. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga Janairun 1987 zuwa 1992, fulawa ta yi tsada, ta koma shigowa a ɓoye ta kan iyakoki. A Nijar kuma, karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya ɗaga farashin duk abin da ake sayowa daga waje.

Hukumomi sun sha ƙoƙarin rage wannan nauyi. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ta nemi taƙaita kashe kuɗi a aure, malamai kuma sun daɗe suna wa'azin cewa ciyar da mata wajibin miji ne, gara al'ada ce kawai. Maganarsu gaskiya ce, sai dai ba ta taɓa tambayar da ke hana uwa barci ba, wato da wane ido za a kalli 'yarta a gidan da za ta. Da gwamnatin Jihar Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba a 2012, ita da kanta ta ɗauki nauyin sayen gado da katifa da sauran kayan ɗaki, domin rashinsu yana cikin abin da ya hana auren tun farko.