Sabon Garin Gusau: Wa aka tambaya kafin a shata layi?

Duk wanda ya san Gusau ya san cewa gari ne mai fuska biyu. Akwai tsohon gari, wanda Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19. Sannan akwai Sabon Gari, wanda jirgin ƙasa ya raya.

A 1929 ne aka kammala layin dogo daga Zariya zuwa Ƙaurar Namoda, ya ratsa ta Gusau. Nan da nan garin ya zama matattarar auduga da gyaɗa. Manoma daga Tsafe da Bunguɗu su na kawo amfanin gona, kamfanonin Turawa su na awo. Yarbawa da Ibo da sauran baƙi su ka yi ta kwararowa, aka ware masu unguwa daban, kamar yadda aka yi a Kano tun 1913.

To, amma wa ya tsara zaman? Bature ne a ofis, da taswira a gaban sa. Dokar birane ta Lugga ta 1917 ta raba jama'a gida-gida: Turawa can, baƙi nan, 'yan gari cikin gari. Ba a kira mai unguwa an ce, "Baba, ina ruwa ke bi in damina ta yi nisa?" ba. Bayan samun 'yanci ma ba ta sake zane ba. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Da Gusau ta zama hedikwatar Jihar Zamfara a 1996, sai gine-gine su ka ƙaru, wasu har kan hanyar ruwa.

Shi kuwa ruwa bai san taswira ba. A ranar 30 ga Satumba, 2006, bayan ruwan sama mai ƙarfi, madatsar ruwan Gusau da ke kan Gulbin Sakkwato ta ɓalle. Ɗaruruwan gidaje su ka rushe, musamman a Birnin Ruwa. Da yake madatsar ce ke shayar da garin, ƙishirwar da ta biyo baya ba ta bambance ɗan Sabon Gari da ɗan cikin gari ba. A 2024 mutanen Maiduguri su ka ga irin wannan tashin hankali daga madatsar Alau.

Wasu wuraren sun gwada wata hanyar. A unguwar Orangi da ke Karachi, ƙasar Fakistan, tun daga 1980 mazauna kowane layi ke haɗa kuɗi su shimfiɗa bututun ƙazantar su, masana na ba su shawara. Wato dai aikin gayya ne, wanda Bahaushe ya gada kaka da kakanni.

Abin da da yawan mu ba mu sani ba shi ne, dokar tsara birane ta 1992 ta bai wa jama'a damar duba daftarin tsarin garin su, su kawo ƙorafi kafin a zartar. Yanzu da sauyin yanayi ke kawo ruwa kamar da bakin ƙwarya, lokaci ya yi da za mu yi amfani da damar. Mai tuwo-tuwo a bakin tasha da ɗan garuwa sun san kwalbatin da ke toshewa duk shekara. A zauna da su tun rani, kafin hadari ya haɗu. Allah ya kiyaye mu.