Yadda giya ta iso kekunan Garwa

Keken da iyayenmu suka sani a Garwa giya ɗaya gare shi. Raleigh ne na Ingila, wanda har masana'anta aka kafa masa a Kano, daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya biyo shi. Da su ake ɗaukar buhun dawa zuwa kasuwar Pitoa ran Lahadi. In an zo hawa, sai a sauka a tura. Ba mai ganin hakan gazawa ce.

Turawan ma sun daɗe suna wannan wahala. A tseren Tour de France, sai a 1937 aka yarda kowane mai tsere ya yi amfani da masauyin kaca, wato ƙarfen nan da ke rataye a gefen tayar baya, mai ɗauke kaca daga wannan faranti mai haƙora zuwa wancan. Kafin nan, in mutum ya iso gindin dutse, sai ya sauka ya kwance tayar baya ya juya ta, domin kowane gefe da nasa faranti. Henri Desgrange, wanda ya kafa tseren, ya yi shekaru yana ƙin wannan na'ura, yana ganin ta raggaye ce.

Kamfanin Campagnolo na Italiya ya fito da Gran Sport a 1951, SunTour na Japan ya gyara fasalin a 1964. Amma abin da ya shafe mu shi ne 1984, lokacin da Shimano ya kawo giya mai ƙas-ƙas: dannawa ɗaya, faranti ɗaya. A tsohon tsari, mahayi ne ke lallaɓa hannun giya har kaca ta zauna daidai, kunnensa ne alƙali. A sabon tsari kuwa, in wayar giya ta saki ko da kaɗan ne, kaca ta dinga tsalle ke nan.

Irin waɗannan ne suka cika mana gari cikin kayan gwanjo daga Turai. Sun zo ba takarda, ba kayan gyara, suka tarar da masu gyaran da suka ƙware a kan Phoenix. Na sha tambayar masu gyara a shirina na rediyo, amsar kusan ɗaya ce: in giya ta dami mai keke, a cire masauyin, a rage kaca, a mayar da shi giya ɗaya. Ban ga laifinsu ba, mai keke yana sauri kuma kuɗinsa kaɗan ne. Sai dai yaron da ya saya don hawan tudu ya koma turawa kamar kakansa.

Alhali yawancin ciwon bai kai a yanke ba. Akwai ƙananan sukurori biyu a jikin masauyin, ɗaya da alamar H, ɗaya da L. Na H yana hana kaca faɗawa waje bayan ƙaramin faranti. Na L yana hana ta wuce babban faranti ta shiga cikin sifok, kuma wannan shi ne mai haɗari, domin yana iya cinye taya gaba ɗaya, ya kayar da mutum a tsakiyar titi. In kuwa kaca tana jinkirin hawa babban faranti, waya ce ta saki. A murɗa ɗan maɗaurin da wayar ke shiga ta cikinsa zuwa hagu, rubu'in zagaye, a gwada, a ƙara in bai isa ba.

Akwai kuma wanda sukuri ba ya magani. Keke in ya faɗi ta dama, ɗan ƙarfen da masauyin ke rataye a kai yakan lanƙwashe. Sai an tsaya ta baya an duba ko ƙananan ƙafafun nan biyu suna layi ɗaya da farantin da kaca take kai. In ba a miƙe shi ba, ko kwana aka yi ana murɗawa aikin banza ne.

Sauran kuma namu ne na gida: baƙin man inji da muke zuba wa kaca. Da hunturu ƙura ta haɗu da shi ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin haƙora a hankali. Tsumma da ɗigon mai mara kauri sun fi shi.