Zane-zanen rayuwar Guru Nanak a hasumiyar Baba Atal

A birnin Amritsar na jihar Punjab, a arewa maso yammacin Indiya, akwai wata hasumiya mai hawa tara da ake kira Gurdwara Baba Atal.

Tana kusa da Harmandir Sahib, wato Haikalin Zinariya, wurin ibada mafi daraja ga mabiya addinin Sikh.

A jikin bangon cikinta akwai jerin zane-zane na ƙarni na 19, masu ba da labarin Guru Nanak, wanda ya kafa addinin, tun daga haihuwarsa.

Masana na ɗaukar su a matsayin ɗaya daga cikin muhimman jerin irin wannan zane da suka rage a Punjab. Sai dai da yawa daga cikinsu sun lalace, kuma wani ɓangare na ɓarnar ya fito ne daga hannun masu son gyara wurin.

Wane ne Guru Nanak?

An haife shi a 1469 a ƙauyen Talwandi, wanda yanzu ake kira Nankana Sahib a ƙasar Pakistan, ya kuma rasu a 1539 a Kartarpur.

Iyayensa mabiya addinin Hindu ne, amma ya tashi cikin al'ummar da Musulmi da 'yan Hindu ke zaune tare.

Ya yi kira ga bauta wa Ubangiji ɗaya, da neman abinci ta hanyar gumi, da raba abin da aka samu da mabukata. Ya kuma yi watsi da bambancin asali da ya raba jama'ar Indiya gida-gida.

Shugabanni tara ne suka gaje shi. Na ƙarshensu, Guru Gobind Singh, wanda ya rasu a 1708, ya miƙa jagorancin ga littafinsu mai suna Guru Granth Sahib.

Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna cewa mabiya Sikh a ƙasar sun kusa miliyan 21.

Asalin hasumiyar

An gina ta a ƙarshen ƙarni na 18 domin tunawa da Atal Rai, ɗan Guru Hargobind, shugaba na shida. Yaron ya rasu a 1628 yana da shekara tara, shi ya sa aka yi mata hawa tara.

Ginin mai kusurwa takwas ne, tsawonsa kimanin mita 40, kuma ya daɗe yana zaman mafi tsawo a birnin.

Ƙawata wuraren ibada a Amritsar ya bunƙasa a zamanin Maharaja Ranjit Singh, wanda ya mulki Punjab har zuwa rasuwarsa a 1839, aka kuma ci gaba da shi bayan Ingila ta mamaye yankin a 1849.

Abin da zanen ke nunawa

Masu zanen sun ɗauko labaransu daga ruwayoyin da ake kira janamsakhi, waɗanda mabiya suka tattara bayan rasuwar Guru Nanak. Tun kafin a kai su bango ana zana su a littattafai. Akwai wani kwafi na 1733 a Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya a London.

Daga cikin labaran da suka fi shahara akwai na macijin gamsheƙa da aka ce ya yi wa Nanak inuwa yana barci a wurin kiwo.

Akwai kuma na rufi 20 da mahaifinsa ya ba shi ya ja jari, shi kuwa ya ciyar da masu zuhudu mayunwata da su.

Ruwayoyin sun ce ya yi doguwar tafiya a sassan Indiya, har ma sun ambaci Makka da Bagadaza.

A irin wannan zane akan ga mutum biyu tare da shi. Ɗaya shi ne Bhai Mardana, Musulmi, riƙe da rabab, wani abin kiɗa mai tsarkiya kamar molo. Ɗayan kuma Bhai Bala ne, ɗan Hindu, yana yi masa fifita da gashin ɗawisu.

Masana tarihi da dama na shakkar ko an taɓa yin Bala, saboda Bhai Gurdas, ɗaya daga cikin marubutan farko na addinin, bai ambace shi ba.

An haɗa zanen na Baba Atal da gajeren bayani cikin rubutun Gurmukhi. Ta haka mai ziyara kan bi tarihin daki-daki, ko ya iya karatu ko bai iya ba.

Mabiya Sikh ba sa bauta wa waɗannan hotuna, domin addininsu ya hana bautar gumaka. Amfaninsu shi ne tunatarwa da koyarwa.

Yadda ake yin su

Salon da masu zanen Amritsar suka shahara da shi sunansa mohrakashi.

Da farko akan zana siffar a takarda, a huda layukanta da allura, a ɗora ta a kan ɗanyen shafen farar ƙasa, sannan a bubbuga garin gawayi domin siffar ta fito a bango.

Daga nan sai a sa launukan da aka niƙa daga duwatsu da ƙasa, a danna su da ɗan katako har su shige cikin shafen kafin ya bushe.

Irin wannan launi kan daɗe, amma danshi da hayaƙi na cin sa, kuma idan shafen ya ɓare to zanen ya tafi ke nan.

Gyaran da ke zama ɓarna

Mabiya Sikh na da al'adar kar seva, wato aikin gayya na gina ko gyara wurin ibada don neman lada.

Tun daga rabin ƙarshe na ƙarni na 20, wannan aiki ya sauya kamannin tsofaffin wurare da yawa, inda aka shafe bango da farin fenti ko aka rufe shi da dutsen mabul.

A Baba Atal an bi wasu zanen da sabon fenti, an kuma manna tayil a wasu sassan bangon.

An yi irin wannan asara a ginin Akal Takht da ke kusa. Ya lalace a farmakin da sojojin Indiya suka kai a watan Yunin 1984, aka rushe shi a 1986 domin sake gina shi, tsofaffin zanensa suka salwanta.

A watan Maris na 2019 ma masu aikin gayya sun rushe wani ɓangare na tsohuwar ƙofar Darshani Deori a garin Tarn Taran, lamarin da ya jawo suka daga mabiya da masana.

Masu aikin gayyar na ganin cewa sabunta ɗakin ibada girmama shi ne. Masana adana kayan tarihi kuwa na cewa ana iya sake gina bango, amma ba a iya dawo da aikin hannun waɗanda suka zana shi.

Kula da hasumiyar yana hannun kwamitin SGPC, wanda aka kafa a 1920 domin tafiyar da manyan wuraren ibadar Sikh.