Ba Takaba, Ba Miji: Matan Fursunonin Tinduf

Mu marubuta mun saba rubuta labarin matar da miji ya tafi ci-rani ya bar ta da 'ya'ya, to amma yau tarihi na kawo maku, wanda ya fi duk abin da na taɓa ƙagawa ban tausayi.

A shekarar 1975, lokacin da Turawan Sifen ke shirin barin Yammacin Sahara, yaƙi ya ɓarke tsakanin Maroko da ƙungiyar Polisario mai neman 'yancin yankin. A cikin yaƙin Polisario ta kama 'yan Maroko sama da 2,000, akasarinsu sojoji, ta tsare su a sansanoni kusa da garin Tinduf na ƙasar Aljeriya. An tsagaita wuta a 1991. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta ce da zarar faɗa ya tsaya a saki fursunoni ba da jinkiri ba, amma ina! Sai ranar 18 ga Agusta, 2005 aka sako 404 na ƙarshe, wasunsu sun haura shekara 20 a tsare.

Ni abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne na gida. Wadda mijinta ya rasu ta san matsayinta: takaba wata huɗu da kwana goma, a raba gado, in Allah ya kawo wani ta yi aure. Matar fursuna fa? Ba ta ga gawa ba, ba ta ga miji ba. Mutanen Maroko Malikawa ne kamar mu, kuma a mazhabarmu matar wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi alƙali kan ɗibar mata shekara huɗu kafin idda. Matar wanda ke hannun abokan gaba kuwa, malamai irin su Shehu Halilu sun ce aurenta na nan, muddin akwai abin ciyar da ita, sai dai in ta kai ƙara kan cutuwa. Ku duba wannan tsaka mai wuya. In ta jira, ƙuruciya ta wuce. In ta nemi rabuwa, dangin miji su ce ta yi butulci.

Siyasa ce ta ƙara dagula lamarin. A 1989 Polisario ta saki mutum 200, gwamnatin Maroko ta ƙi karɓarsu, don kada a ce ta amince da ƙungiyar. Sai 1995 aka dawo da 185 daga cikinsu. Ku ƙiyasta uwar da ta ji an saki ɗanta, ta share ɗaki, ta sake jiran shekara shida. 'Yar wasiƙar da jami'an Red Cross ke kawowa ita ce abin da ke riƙe gidaje da yawa.

Akwai waɗanda suka jure har ƙarshe. Kyaftin Ali Najab, matuƙin jirgin yaƙi, an harbo shi a 1978, ya dawo a 2003. Matarsa ta jira shi shekara 25, 'yar da ya bari ƙarama ya tarar da ita babbar mace. Wasu kuwa sun tarar an daɗe da yi masu zaman makoki, iyaye sun rasu, mata sun yi wani aure. Haka iyalan Saharawa su ma suka yi ta jiran nasu da Maroko ta tsare, har aka sako 66 a 1996.

Ban ga laifin wadda ta jira ba, ban kuma ga na wadda ta kasa ba. Laifin yana wuyan shugabannin ɓangarorin biyu da suka mai da 'ya'yan mutane kayan ciniki. Allah ya kuɓutar da duk wanda ke tsare, ya ba iyalansa haƙuri. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.