Shari'ar Baffour Akoto a Ghana

A shekara ta 1958 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa dokar da ta ba ta ikon tsare mutum har shekara biyar ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Da wannan doka aka kama Baffour Osei Akoto, babban kakakin Sarkin Asante, tare da mutum bakwai, a 1959.

Lauyansu, Dokta J. B. Danquah, ya kai maganar har Kotun Ƙoli. Hujjarsa tana cikin sashe na 13 na tsarin mulkin 1960, inda shugaban ƙasa yake yin alkawari ran hawansa mulki cewa ba za a hana kowa neman hakkinsa a kotu ba.

A watan Agusta 1961 alƙalai uku, Babban Joji Arku Korsah yana kan gaba, suka ƙi wannan hujja. Suka ce alkawarin kamar rantsuwar Sarauniyar Ingila ne ran naɗinta: yana ɗaure lamirin mai mulki, amma kotu ba ta da ikon tilasta shi. Wanda bai gamsu ba, sai ya jira ranar zaɓe. To, ina ɗaurarre zai ga akwatin ƙuri'a?

Ba a yi wata biyu ba aka tsare Danquah kansa da dokar nan. An sake shi a 1962, aka kuma kama shi a 1964, ya rasu a kurkukun Nsawam a Fabrairu 1965. Korsah ma bai tsira ba. Nkrumah ya tuɓe shi a 1963, don kotunsa ta sallami waɗansu da ake tuhuma da cin amanar ƙasa.