Doki da Babur a Ƙasar Gwandu

A shekarar 1805, sa'ad da jama'ar Shehu Usmanu suka sauka Gwandu, doki shi ne ƙarfin yaƙi. A kansa barade ke fita yaƙi, da shi kuma manzanni ke kai takardu.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, yaƙi ya ƙare. Keke da mota suka shigo, daga baya babur, suka karɓe aikin doki. Yanzu manomin Kalgo da zai kai shinkafa kasuwar Birnin Kebbi babur yake nema, galibi ƙaramin Boxer na Indiya, don ba shi da shan mai.

A can Indiya kuwa, mai hali yakan sayi babban Royal Enfield, wanda aka kafa kamfaninsa a Madras a 1955. Akwai waɗanda suka fi shi gudu, amma rurin injinsa da tsohon sunansa ake saye.

Haka mai doki yake a Gwandu. Shekara guda yana sayen dawa da harawa domin hawan Salla. Babur ya fi dokinsa sauri, amma ba a yi wa babur kirari a ƙofar fada.